Hanyar Kekuna ta Cikin Durowa

Akwai wani tela a layinmu, dattijo ne, shekara talatin da ɗoriya yana zuwa shago a kan keke. Bana kaɗai sau uku ana kwashe shi a titi. Na farko ɗan adaidaita ne ya goge shi, na biyu mai tifa ya matse shi sai da ya faɗa kwata, na ukun kuwa a shataletalen kasuwa wata mota ta ɗauke shi da keken gaba ɗaya, hannun dama ya karye. Ga shi da hannun yake yanka. Matarsa ta sa wa keken kwaɗo, ta ce ko ita ko keken.

Da ya ɗan samu sauƙi sai ya bi masu keken unguwa gida-gida, masu kai burodi da masu gyaran rediyo da malaman firamare, kowa ya dangwala hannu a takarda, suna roƙon a ware wa kekuna hanya a gefen titi. Ya rataye hannunsa a wuya da tsohon mayafi, ya tafi ofishin masu kula da tituna.

Injiniyan da ya tarar yana cin gyaɗa. Ya karanta takardar, ya yi murmushi.

"Baba, ai kun makara. Hanyar kekuna mun gama ta tun bara."

"A wane gari, ranka ya daɗe?"

"A nan mana."

Ya jawo durowa ya fito da wata ƙatuwar taswira, ya share ɓawon gyaɗa, ya baje ta a tebur. Ya ɗora yatsa a kan wani koren layi.

"Ga ta nan. Daga tasha har kasuwa. Faɗinta taku shida. Waɗannan ɗigo-ɗigon bishiyoyi ne, don ku sha inuwa."

Tela ya sa tabarau, ya sunkuya ya duba da kyau. Ya ce wallahi hanya ta yi kyau, bai taɓa ganin irinta ba.

"To wai a ina aka buge ka?" in ji injiniya, yana kallon karyayyen hannun.

Tela ya nuna shataletalen da hannun hagu. Injiniya ya ɗauko rula ya auna, ya girgiza kai.

"Ba zai yiwu ba. Daidai nan akwai shingen ƙarfe tsakaninka da motoci. Ko tirela ce ba za ta iya taɓa ka ba."

Tela ya kalli hannunsa, ya kalli shingen, ya sake kallon hannun.

"Ke nan ba a buge ni ba?"

"A hukumance dai, a'a. In ma an buge ka, to kai ka bar hanyarka ka shiga ta motoci, kuma wannan laifi ne. Amma na yafe maka saboda girmanka." Ya fara naɗe taswirar. "Shawarata ita ce, daga yau kada tayarka ta ƙara sauka daga kan hanyar kekuna."

Tela ya dafe taswirar kafin ta koma durowa.

"Na ji, ranka ya daɗe. To a ara mini ita mana, in riƙa shimfiɗawa ina bi ta kai."