Koci Audi da Golan Kankana

"Dokokin gasar nan, ko wanda ya rubuta su bai kai ni saninsu ba." Haka Audi yake faɗa kullum a rumfar mai shayi da ke bakin tashar Mai'adua, yana buga ƙirji har shayin ya fantsalo masa a riga.

Kai da ba ka san Audi ba, bari in kwatanta maka shi. Gajere ne mai tumbi, da usur rataye a wuya ko ɗaurin aure za shi. Ba wanda ya naɗa shi kocin ƙungiyar Taurarin Iyaka. Ya dai zo kallon atisaye wata rana, ya fara ihu, ba a kore shi ba, shi ke nan ya zama koci. A gabansa samari na kiransa Koci, a bayan idonsa kuwa Sarkin Surutu.

A shekarun da aka fara shari'a ne aka shirya wata gasar ƙwallo ta garuruwan ƙasar Daura, ana take wasa bayan la'asar a tashi kafin magariba. Taurarin Iyaka suka yi ta cin wasa har suka kai na kusa da na ƙarshe, inda za su kara da 'yan Zango ranar Asabar. Kowa ya san sirrin nasarar: golansu Sabiru ne, wanda ƙwallo ke ganinsa ta canza shawara. Audi kuwa cewa yake dabarunsa ne.

Ranar Talata sai Sabiru ya raka kawunsa Damagaram da shanu, ba tabbas ko zai dawo kafin Asabar. Dokar gasar a nan a fili take. In ɗan wasa ya yi tafiya, sai a ɗauko madadinsa daga 'yan benci da aka yi wa rajista. In kuwa rashin lafiya ce, an yarda a kawo baƙo daga waje, amma sai an soke sunan ɗan benci guda, kuma marar lafiyar ba zai buga wasa biyu masu zuwa ba.

To, a bencin akwai Lawal, gola na biyu, wanda ya shekara biyu yana atisaye ba fashi. Kyaftin Ikrima ya ce a sa shi kawai a huta. Amma Lawal yana da laifi babba a wajen Audi: ya taɓa gyara masa ƙidayar 'yan wasa a gaban jama'a, ranar da ya tura mutum goma sha biyu cikin fili. Audi ya ce manyan kociyoyi ba sa ɗaukar abin da ke gaban hancinsu, farauto gwani suke yi.

Washegari ya hau babur zuwa garin Babban Mutum, a can kuwa ya ga abin da ya ɗauke masa numfashi. Ana sauke kankana daga wata babbar mota, wani zabgegen ƙato mai suna Jafaru yana tsaye a ƙasa. A jefo ta dama ya cafe, a jefo ta hagu ya cafe, ya miƙa wa na kusa da shi. Audi ya ƙirga har sittin, ko ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Ya matsa ya tambaye shi ko ya taɓa tsaron raga. Jafaru ya ce ya taɓa tsaron shago dai. Audi ya ce duk tsaro ɗaya ne.

Ranar Alhamis ya isa gaban sakataren gasar, Malam Isyaku, ya shaida masa cewa Sabiru na kwance rai a hannun Allah. Malam Isyaku ya dube shi ta saman tabarau, ya tambaye shi ko zai iya dafa Alƙur'ani a kan maganar. Audi ya ce da ma zai so haka, sai dai ba shi da alwala. Sakatare ya nuna masa buta a bakin ƙofa. Audi ya ce ai musulmi ba ya zargin ɗan'uwansa musulmi. Malam Isyaku ya girgiza kai, ya rubuta, ya sa ya sa hannu. Aka soke sunan Lawal, aka sa na Jafaru.

Kafin la'asar labari ya zaga Mai'adua. Mata suka yi ta sallama gidan su Sabiru da kwanukan kunu, suna yi wa mahaifiyarsa Adama sannu da mai jiki. Tsohuwa ta rikice, ta zaci an ɓoye mata wani mugun labari daga Damagaram, ta kwana biyu abinci bai wuce mata ba. Ranar Asabar da hantsi sai ga Sabiru ya sauka daga mota garau, yana gaigayar rake. Ya tarar da uwarsa ta rame, ya tarar kuma an hana shi wasa biyu saboda cutar da bai san yana da ita ba.

Da la'asar fili ya cika maƙil. Can gefe, cikin 'yan kallo, Sabiru da Lawal suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna ɓarar gyaɗa. Gololin da suka fi kowa a gasar ke nan, ga su a zaune. Jafaru kuwa ya tsaya a raga da jesin da ta tsaya masa a cibiya.

Minti biyar da farawa aka ɗaɗo wata ƙwallo mai zafi. Jafaru ya cafe ta kamar wasa. Audi ya yi tsalle, ya juya wajen jama'a yana nuna kansa da yatsa. Yana cikin nunin ne ya ji fili ya kaure da ihu. Ashe Jafaru, bisa al'adar aikinsa, ya miƙa ƙwallon ga mutumin da ya fi kusa da shi, wanda ya kasance ɗan wasan gaban 'yan Zango ne. Mutumin har ya ɗan tsaya don mamaki kafin ya ajiye ta ya tura raga. Alƙalin wasa ma sai da ya yi tunani, sannan ya ce shi dai ya ga ta shiga.

Audi ya ruga bayan raga ya gargaɗe shi kada ya sake ba kowa. Jafaru ya ji gargaɗi. Ƙwallo ta gaba da ya cafe, sai ya rungume ta ya taho da ita har tsakiyar fili yana neman Audi, don ya ji inda za a ajiye. Alƙali ya ba shi katin gargaɗi. Da wani ɗan Zango ya zo karɓar ƙwallon, Jafaru ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ajiye gefe kamar buhun dusa. Jan kati ya fito.

Sai aka shiga neman mai tsayawa a raga. Audi ya ce Ikrima ya shiga. Malam Isyaku ya taso da takarda a hannu, ya ce doka ta ce muddin akwai sauran gola mai rajista a benci, shi zai shiga, a fitar da ɗan wasa guda. Ikrima ya ce ai ba su da wani golan. Sakatare ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi: "Gola na uku, Audi Amadu."

Nan asiri ya tonu. Tun farkon gasa Audi ya cusa sunansa cikin 'yan wasa a ɓoye, saboda ya ji an ce 'yan wasa kaɗai za a rataya wa lambar girma in an ci kofi. Ya fara cewa gwiwarsa na ciwo. Malam Isyaku ya ce butar nan tana nan kusa. Audi ya cire usur, ya karɓi jesin Jafaru, wadda ta sauko masa har gwiwa.

Abin da ya biyo baya, gara in taƙaita maka don tausayi. In ƙwallo ta yi dama, Audi ya yi hagu. In ta taho saitinsa, ya kare fuska ya ba ta hanya. Sau ɗaya tak ya taɓa ta, ita ma tumbinsa ta bugo ta gangara ciki. Aka tashi bakwai ba ko ɗaya. Ikrima ya fita fili idonsa jajir, wata shida na atisaye sun tafi a banza.

Audi ya lallaɓo bakin fili yana haki, ya fara bayyana wa jama'a cewa ragar ce aka faɗaɗa, kuma rana ce ta haske masa ido. Sai Jafaru ya matso, ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi, ya yi magana da muryarsa da ake ji har tasha.

"Koci, ka yafe ni, sai yanzu na gane aikin. Ashe barin ta ake yi ta wuce. Da ka nuna mini haka tun farko, ai da ban wahalar da kaina ina tarewa ba."