Ni da Amarya da Rumbun Baba

Ba zan taɓa mantawa da kakar shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya cinye tungar masunta da ke gabas da ƙauyenmu ba. Jama'a saboda ruwa suke tuna shekarar, ni kuwa saboda kyanwa nake tuna ta, da kuma rumbu. Har yanzu da furfura ta rufe min kai, in aka ambaci rumbu a taron mata sai in ga ana satar kallona ana danne dariya.

Lokacin shekarata biyu a ɗakin miji, kuma duk ƙauyen an san ni da kunya. Ba kunyar kirki kaɗai ba, har da ta neman suna (yanzu da na tsufa ai sai in faɗi gaskiya). In mata suka ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya," sai in ji kaina ya yi girma. Wanda ya fi shan wannan kunya tawa shi ne surukina, mahaifin maigidana, wanda kowa ke ce wa Baba. Shekara biyu ban haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa in motsa leɓe. Shi mutum ne marar yawan magana. Kullum da hantsi yakan zauna a inuwar babban rumbunsa yana tufkar igiya, ni kuwa don kada in gifta ta gabansa sai in zagaya ta bayan turken awaki da tulu a kai, in taka kashi, in taka ƙaya, ina jin daɗi wai ni mai tarbiyya.

A tungar da ruwa ya ci akwai wata tsohuwa mai bandar kifi, Iya Falmata, ƙawar kakata. Ita ce ta riƙa lallashina sa'ad da aka kawo ni baƙuwa ina kukan gida. Da ɗakinta ya rushe sai ɗanta ya zo ya tafi da ita wajen danginsu can ƙasar Barno. Maigidana na cikin waɗanda suka kwashe mutane a jirgi, da ya dawo sai ga shi da kwando an ɗaure bakinsa da tsumma, wani abu na huci a ciki.

Ya ce, "Iya ta ce a ba ki amana. Kyanwarta ce, shekara bakwai tana wurinta, ba ta san kowa ba sai ita. Ta ce kada ki bi ta, kada ki kama ta. Ki zauna kawai, ita za ta zo."

Na ce, "To." Irin to ɗin nan da ake ce wa manya, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Ina kwance tsumman, ban ga komai ba sai wucewar wani abu mai ruwan toka, fit, ya shige ƙarƙashin gado. Kwana goma iyakar abin da na sani na kyanwata idanu biyu ne a cikin duhu. Maigida ya leƙa, ya yi dariya, ya ce, "Wannan ai amarya aka kawo miki, sai an sayi baki." Daga nan sunan ya bi ta.

Ni dai na kamu da sonta tun ban ga fuskarta ba. Nakan zuba mata nono a sakaina, in ɓare mata kan tarwaɗa, in tura ƙarƙashin gado. Da na bi maganar Iya da an zauna lafiya, amma ina! Nakan kwanta rub da ciki in miƙa hannu ina, "Zo mana Amarya, zo uwar ɗakina," ita kuwa ta ƙara lafewa a bango. Ranar da na yi ƙarfin halin kamo ƙafarta ta zana min layi uku a hannu, da Inna, uwar maigidana, ta tambaye ni na ce ƙayar kifi ce (Allah Ya yafe min, ita ma ba ta yarda ba).

Abin da ya fara haɗa mu kaɗi ne. Wata rana na gaji da roƙonta, na ɗauko auduga da mazari na zauna na ba gado baya. Can sai na ji lap, lap, ana shan nono. Ban juya ba. Kwana biyu bayan haka ina kaɗi sai ga wani ɗan hannu mai ruwan toka ya fito ya taɓa mazarin yana juyawa. Ashe Iya ma makaɗiya ce, kyanwar a gindin mazari ta girma. Ranar na ganta sosai: babba ce, kunnen hagu a tsage, fuska kamar ta tsohuwar da aka yi wa laifi. Murna ta ɗebe ni na kai hannu, ta koma inda ta fito. Haka muka yi ta yi, in ta matso taku ɗaya sai zumuɗina ya mayar da ita taku biyu.

Da kaka ta yi aka kira gayyar ɗaukar dawa. Gida ya cika da samari da ganga da ihu, ana ta shigo da dammuna. Kafin yamma Amarya ta ɓace. Na duba ƙarƙashin gado, bayan tukwane, cikin kwandon auduga, ɗakin girki, akurkin kaji, har gindin danga. Kwana uku nonon da na zuba yana tsami a sakaina. Na kasa cin tuwo, ina ta tunanin da wane baki zan aika wa Iya Falmata cewa na ɓatar mata da abin da ya rage mata a duniya.

Rana ta huɗu ita ce ranar liƙe babban rumbu. A gidanmu wannan rumbun ba na cin yau da kullum ba ne, na tsaron yunwa ne. In an cika shi sai a yaɓe bakinsa da laka, a kifa masa jinka, ba a sake buɗewa sai bazara ta yi tsanani. Kuma mace ba ta hawansa, ba ta leƙa shi, cewa ake albarkar hatsi na gudu. Da sassafe maza suka tafi bakin kogi ɗebo laka, har da Baba, Inna kuma ta shiga maƙwabta. Ina shara, ganin Baba ba ya nan, sai na yi ƙarfin halin matsawa wajen rumbun. Sai na ji, a hankali, "miyau."

Na ce shi ke nan, ranar gayya ta tsorata ta faɗa ciki aka jibga mata dawa. In aka liƙe bakin nan yau, sai dai a kwashi ƙasusuwanta da bazara. Da mai hankali ce da ta jira maza ta gaya wa maigida, ko ta ruga ta kira Inna. Ni sai na ɗaure zani tamau, na yi ɗamara da mayafi (wannan kaɗai ce dabarar kirki da na yi a ranar), na jingina tsani na hau.

Na ɗage faifan da ke bakin, na leƙa, duhu da ƙamshin sabuwar dawa. Na ce, "Amarya?" Na sake jin kukan, kamar daga can ƙasa. Na zura kai, na zura kafaɗu, na miƙa hannu ina laluben zangarniya. Na ƙara ɗagawa a kan yatsun ƙafa, sai tsanin ya zame ya faɗi, ni kuma na zurma har ƙugu. Bakin rumbun nan daidai siririn namiji irin Baba aka gina shi, ni kuwa shinkafa da kifin fadama sun karɓe ni. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Kaina a ciki, ƙafafuna a waje suna harbin iska.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai na ji sallama. Muryoyin maza, ba ɗaya ba, ba biyu ba, har da liman da aka ɗauko don ya yi wa hatsi addu'a.

Liman ya ce, "Subhanallahi! Malam, me nake gani a kan rumbunka?"

Wani ya ce, "Ɓarawo ne, a kawo sanda!"

Wani ya ce, "Ɓarawo da lalle?"

Maigidana, wanda ya san lallen nan sarai, ko tari bai yi ba. Jin an ambaci sanda na ga in ban yi magana ba jikina zai gaya min. To me zan ce? Shekara biyu ban taɓa yi wa surukina magana ya ji ba. Bakina sai ya ɗauko abin da ya saba, na ɗaga murya, rumbu ya ƙara mata amo kamar mai magana daga rijiya:

"Baba, ina kwana?"

Sai na ji muryar Baba, a natse kamar a tabarma muke:

"Lafiya lau, ƴata. Kin tashi lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ya ce, "Madalla. Yaya kika ga dawar?"

Nan liman ya kasa riƙewa, dariya ta ƙwace masa, sauran suka bi. Ni kuwa na fashe da kuka, na ce, "Baba, don Allah kada a liƙe, kyanwar Iya na ciki, za ta mutu."

Baba ya kori maza zuwa zaure, ya aika aka kira Inna da mata biyu maƙwabta. Da ruwan karkashi aka zaro ni, Inna na zuba yauƙi tana salati, su kuma suna jan ƙafa, maigida na riƙe da tsani ya kau da kai. Na sauko jikina duk ƙaiƙayi, gashi cike da ɓuntu, na durƙusa na rufe fuska, ina fatan ƙasa ta tsage.

Baba ya zauna a wurin zamansa, ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Ba a jima ba sai ga Amarya ta fito daga ƙarƙashin rumbun, ta tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, ta yi miƙa, ta kwanta a gefen ƙafarsa. Cikinta taf.

Ya ce, "Tun ranar gayya take nan. Kullum tare muke shan fura. Na ga kina ta nema, na ce in kin tambaye ni in gaya miki, sai na ga kina zagayawa ta wajen awaki." Ya ɗan murmusa. "Masu ɓuya biyu gare ni a gidan nan. Ɗaya kwana uku ta yi ta fito. Ɗayar shekara biyu ina zaune ina jira, sai yau na ji muryarta, ita ma sai da rumbu ya taimaka."

Wannan magana ta fi maƙalewar shiga jikina. Ashe duk zagayen da nake yi ina neman yabo, tsohon nan so yake in zo in ce masa sannu kamar ƴa.

Washegari da hantsi na ɗauko auduga da mazari, na zauna nesa kaɗan da shi a inuwar rumbun. Shi yana tufka, ni ina kaɗi. Ban kira ta ba, ban ko kalle ta ba, kunya ma ba ta bar ni ba. Sai na ji nauyi mai ɗumi ya hau cinyata, ya juya sau biyu, ya kwanta yana gurnani. Hawaye suka zubo min a kan audugar. Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "A aika wa Falmata, amanarta ta samu gida."

Sunan Ta-Rumbu dai ya bi ni, jikokina ma da shi suke tsokanata. An ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ni ban hau rimi ba, rumbu na hau, kuma ina shaida muku daga can ma ba a ganin komai. Tun daga ranar, in abu ya ɓace min, kafin in nemi tsani sai in fara gaida tsohon da ke zaune a gindinsa.