Yadda Za Ka Gano Abin da Ya Fi Daimon Ƙarfi Kana Zaune a Kujera

Kai da ka shekara uku kana lissafin oksaid a kwamfuta, 'yan gida sun gaji da tambayar yaushe za ka gama, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, kafin wata ya mutu Farfesa da kansa zai riƙa gaishe ka tun daga bakin ƙofa. Ba labari aka ba ni ba. Tabarau, wanda teburinsa ke manne da nawa a ofishinmu mai mutum shida da fanka ɗaya, shi ya gwada, kuma a idona aka yi.

Mataki na 1: Kada ka taɓa oksaid ɗin da hannunka

Oksaid dai ƙarfe ne da ya haɗu da oksijin. Tsatsar ƙofarku ma oksaid ce, amma kul ka faɗa wa kowa haka, darajarka za ta zube. Bar masu ɗakin gwaji su yi ta fama da gari da murhu da ƙunar yatsa. Kai naka ka jera ƙwayoyin zarra a fayil, ka miƙa wa babbar kwamfutar sashe, ta faɗa maka yadda suke zaune da irin nauyin da za su jure. Tabarau ya shekara uku a kan nasa oksaid ɗin, ko launinsa bai sani ba.

Mataki na 2: Buga lambobin da hannu, kana amsa waya

Kowace ƙwaya layinta guda. Na Tabarau ƙarfe goma sha shida ne, oksijin ashirin da huɗu. Matsorata ne ke komawa su ƙirga. Yana layi na talatin da wani abu surukinsa ya kira, yana tambaya cikin lumana ko an sa ranar gamawa. Ya miƙe tsaye, ya gaisa har da rusunawa kamar ana ganinsa, ya zauna yana share gumi, ya ci gaba daga inda yake zaton ya tsaya. Ita kwamfuta baiwar Allah ce, ba ta da tambaya. Abin da ka zuba mata shi za ta dafa.

Mataki na 3: Jira da izza

Aikinka zai kwana tara a layi. Haɗe rai, ka ƙura wa allo ido. Duk wanda ya ce ina aka kwana, ka ce yana tafiya.

Mataki na 4: In sakamako ya wuce hankali, rungume shi

A rana ta goma lamba ta fito. Tabarau ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Oksaid ɗinsa ya fi daimon ƙarfi! Da gudu ya haura ofishin Farfesa mai duba aikinsa, mutumin da rabonsa da murmushi tun kafin a kawo fankar nan.

"Ɗana, ka tabbata?" in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, kwamfuta ce ta faɗa."

Haddace amsar nan, ba ta taɓa ba da kunya ba sai sau ɗaya. Nan take Farfesa ya sa taron sashe ranar Alhamis, ya gayyato baƙi, ya ce ana tashi zai sa hannu a kundin digirinsa. Shekara uku za ta zo ƙarshe ke nan. Tabarau ya kira surukinsa da kansa, karo na farko a tarihi.

Mataki na 5: Kada ka bar hoton a kan teburin gida

Wannan ne matakin da ya tsallake, kuma wallahi har yau abin yana ci mini rai. Kwamfuta takan zana ginin oksaid da ƙwallaye masu launi, ƙarfe shuɗi, oksijin ja. Ya buga hoton a takarda, ya ajiye kusa da kofin shayi da safiyar Alhamis, yana ɗaura takalmi. Matarsa kuwa sana'arta zura duwatsun ado a zare, shekara goma tana yin sarƙa da abin hannu. Ta ɗauki takardar don kada shayi ya ɓata ta.

"Baban yara, wannan tsarin ya yi kyau. Amma wa ya jera maka? An ci ja guda ɗaya."

"Ke dai ajiye mini, wannan ba sarƙa ba ce."

"To, ni dai ko'ina shuɗi yana da ja shida, ban da huɗun nan, biyar-biyar gare su. Dubi yadda suka matse wurin. Ni in na yi haka dawo mini da kaya ake yi."

Ya ƙirga jajayen da yatsa. Ashirin da uku. Ya ƙirga daga ƙasa. Ashirin da uku. Ashe da kwamfuta ta ga gurbi sai ta matse sauran suka cike shi, ginin ya tsuke, lamba ta yi sama.

Mataki na 6: In an riga an gani, ja bakinka

A bakin ɗakin taro ya same ni, fuska duk ta zabge. Na ba shi shawarar masana: mutum arba'in za su zauna, ba mai ƙirga ƙwallaye, rabinsu ma barci za su yi. Karɓi sa hannu, ka gyara daga baya. Ya ce to. Aka kunna majigi, hoton ya cika bango, Farfesa a layin gaba yana ta washe baki ga baƙi. Tabarau ya tsaya yana kallon gurbin nan, shi kaɗai yake ganinsa a duk ɗakin, ya kasa ɗauke ido.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "akwai oksijin guda da na manta."

Farfesa ya taso, ya sa alƙalami a bango ya ƙirga, ya juyo ya ce wa ya gano.

"Matata ce, ranka ya daɗe."

"A wane sashe take?"

"A falo take, ranka ya daɗe."

Aka sake lissafi, oksaid ya fito daidai da na kowa, ƙarfinsa bai wuce na tayil mai kyau ba. Wata takwas ya ƙara kafin ya gama, kuma shi ya kira suruki ya faɗa masa da bakinsa. Na ji masa ciwo ƙwarai, na kuma ji kunyar shawarata.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya kwana ciki, ba ruwana, ban san shi ba, kada ya zo ofishinmu, dama kujeru ba su isa ba. Ni ma ina da abin da ya dame ni. Farfesa ya kafa doka: ba ya sa hannu a kundin kowa sai matar Tabarau ta ga hoton. Nawa yana hannunta tun Litinin. Ɗazu ta aiko mijinta ya ce in zo da kaina, kuma in ci abinci kafin in zo.