Kanada ta Bayan Tasha

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na je Kanada ba, ni da ko fasfo ban taɓa riƙewa ba.

Zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare ne ya ja mini. Kullum sai wani ya watso hoto, wannan a Dubai, wancan a ƙofar jirgi, Hajiya Rabi kuwa (wadda ni nake yi wa lissafi a aji) tana Alƙahira. Ni ina wani ɗan ofis a Bungudu, yawanci tafiyata ba ta wuce ƙauyen Kekun Waje duba gonar Baba. Abin yana cina, ba na dai faɗa.

Rannan na shiga Gusau ɗaukar hoton katin aiki a wani shago bayan tasha. Mai hoton, wani dogo da ake ce wa Sanusi, ya sayo sabon majigi yana ta ɗoki. Farin bango ne kawai a shagon, amma da ya kashe fitila ya danna kwamfuta sai bangon ya koma teku. Ya sake dannawa, ya koma falon attajirai.

"Malam, ina kake son zuwa?"

Shi da wasa ya tambaya. Ni ne na ɗauka da gaske.

Na zaɓi wani dutse da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, da ɗan jan gida a gindinsa. Sanusi ya ciro ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo da hular ulu, na tuɓe tawa hular na sa. Ya ce in matso gaba kada hasken ya zana mini dutsen a goshi. Tsakiyar bazara ce fa, gumi yana bin bayana har cikin wando, shi kuma yana cewa, "Ƙanƙame jikinka, Malam, sanyi kake ji!" Na ƙanƙame.

"Alhamdulillah" kawai na rubuta a ƙasan hoton da na tura shi zauren 'yan ajinmu. Da aka tambaya ina ne, na ce Kanada (ita ta fara zuwa bakina), wai ofis ne ya tura ni kwas. Har jinkirta amsa saƙo na riƙa yi, saboda bambancin lokaci.

Bayan wata guda Malam Lawali, tsohon monitan ajinmu, ya aurar da ɗiyarsa a Tsafe. A wurin walima kujerar gaba aka ba ni, aka kewaye ni da tambayoyi, ni kuma baki ya buɗe. Na ce a can in ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Na ce da ruwan shayi nake alwala. Uban amarya, Malam Lawali, ya ja ni gefe ya ce ɗansa yana son karatu a waje, ko na yi mutane a can? Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka bar mini wannan."

Ina komawa kujera sai na hango wani dogo yana jan labulen taga, yana kafa farin ƙyalle a kusurwar zauren don baƙi su ɗauki hoto. Sanusi ne. Na ɗaga robar zoɓo na kare fuskata, sai ka ce robar zoɓo ta taɓa ɓoye mutum.

"A'a, Malam! Ashe kana nan!" Murya gare shi kamar mai shela. "Ka bar hularka shago rannan, tana nan na aje maka. Taho, ai na zo da dutsen naka!"

Kafin in ce uffan ya danna. Ga dutse, ga ƙanƙara, ga ɗan jan gida.

Hajiya Rabi ta ciro waya, ta dubi waya, ta dubi ƙyalle, ta dube ni. Sai ta miƙe ta gyara mayafi.

"To jama'a, ku tashi mu tai Kanada tun ba a ɗauke wuta ba."

Wallahi har wani ya faɗo daga kujera don dariya. Suka yi layi, manya masu furfura, kowa ya ƙanƙame jiki yana karkarwar ƙarya. Ni suka sa a tsakiya, wai ni na san gari. Hoton yana nan, kowa yana dariya ban da mutum guda, wanda ke tsakiya.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne komawa wurin Malam Lawali in ba shi haƙuri. Ya dube ni ya ce, "Ba komai. Ka dai gai da mutanen naka."

Tun ranar na gane cewa kowane hoton ƙarya akwai mutum ɗaya da ya san gaskiyarsa, shi ne wanda ya ɗauka. Kuma wannan mutumin ya fi ka zuwa biki.