Ruzha Ta Rasu a Kan Turakun Jemal

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da al'ada ta hana ni furtawa, ni Gojko mai gyaran firiji nake sanar da 'yan uwa masu wasan hawa allo a kan ruwa, lemar iska tana jan su, a gaɓar tekun Ulcinj rasuwar lemata Ruzha, ja, 'yar mita tara. Ta rasu ranar Lahadi da la'asar a bakin kogin Bojana, a kan turakun da Jemal masunci yake rataye komarsa. Ba ta yi jinya ba. Lafiyarta ƙalau ta bar yashi.

Marigayiya 'yar tsohon yayi ce, irin masu lanƙwasa kamar lauje, waɗanda ba a cika ganinsu yanzu ba. Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba: ba ta da fara'a. In ta faɗi ruwa sai an lallashe ta kafin ta tashi, in iska ta yi ƙarfi ba ta san rangwame ba. Amma tana da hali guda da ya rufe duk laifinta. Idan ka ɗan bi iska, ka zare zoben sandar tuƙa lema daga ƙugiyar ɗamararka, ƙarfinta duka ya dawo hannuwanka biyu a tsakiyar sanda, ka danne gefen allo ka yi tsalle, to kana sama sai ta sassauta igiyoyinta. Na ƙiftawar ido ne. A cikin wannan ƙiftawar ake juyawa a miƙa sanda ta bayan baya, daga hannun dama zuwa na hagu. Lemomin yanzu ja kawai suka iya, kamar jakin da ya hango gida.

Wannan miƙa sandar nake nema tun kaina bai yi furfura ba. Na sha ruwan gishiri har ya ishe ni, na fasa leɓe, na zama abin nunawa ga masu shan kofi a rumfa. Ruzha ba ta taɓa yi mini dariya ba. Iyakarta ta faɗi gefena ta ce bum, in ta tashi igiyoyinta su ce fiii, mu sake. Bana likita ya yanke cewa a watan Oktoba za a sa mini ƙarfe a gwiwar dama, daga nan tsalle ya ƙare, sai dai in saƙala ƙugiya lema ta yi ta jana kamar buhu. Wannan bazarar ce ta ƙarshe. Makon jiya kuwa yatsuna uku suka taɓa sandar a bayana. Na fito daga ruwa cike da murna.

Ga yadda ajali ya zo. A kowane kunnen lema akwai 'yar igiya mai ƙulli uku. Mai zare ƙugiya a ƙullin ƙarshe yake ɗaura igiyoyin baya, don su yi tsawo lema ta samu numfashi. In aka ɗaura a na kusa sai ta shaƙe. Ranar Lahadi kum ɗina Radule, wanda ya tsaya mini ranar aure ya kuma riƙe ɗana ranar baftisma, ya riga ni ɗaukar famfon hura lema. Radule bai taɓa zare ƙugiya ba a rayuwarsa. Ya tafi can ƙurya ya dawo, shi ne wasansa.

"Zauna ka ƙarasa kofinka, kum," ya ce. "Yau ni zan ɗaura maka ita. Ka tanadi gwiwar nan."

Matata Desa ta zungure ni. "Tashi ka bi igiyoyin nan da hannunka."

"A gaban kum?"

"To shi ne zai hau?"

Ban tashi ba. Masu tambayata dalili, ku ma 'yan nan ne, kun san ba a bin bayan aikin kum ana dubawa yana tsaye yana murmushi. Shi ya ɗaga mini ita sama da hannunsa.

Ina saƙale ban ji komai ba, sai ɗan nauyi da na ɗora wa iska laifinsa. Da na zare zobe na yi tsalle, na juya, hannun hagu ya tafi baya yana jiran sassaucin da ya saba. Ruzha ta shaƙe. Ta yi baya-baya ta zube, bakinta yana faf-faf-faf, ni ma na zube. Kafin in gyara, iska ta cika ta lokaci guda ta fizge sandar, ta shiga jana da igiyar ƙugu wajen turakun Jemal. Da na ga itace ya matso, na ja sakin ƙarshe mai kwance igiyar ƙugu, na rabu da ita. Maganarta ta ƙarshe kyaaar ce, daga wannan kunne zuwa wancan.

Jemal ya leƙo daga bukkarsa. "Na tsufa ina su a nan, ban taɓa kama irin wannan ba. Ku sauke mini ita kafin kifi su gani."

Radule ya iso da gudu, wando a jiƙe. "Gani na yi ta yi laushi, kum, na ce bari in ƙara mata ƙarfi. Ai da ka faɗa mini."

"Ba komai, kum," na ce. A lissafa wannan maganar ma cikin abin da ya kashe ni ranar.

Marigayiya ta bar sanda ɗaya, allo mai tabo, famfo mai tarin fuka, da ɗamarar da yanzu ƙugiyarta za ta samu aikin dindindin. Ta bar Desa, wadda ta sha yi mata faci a keken ɗinki, wadda kuma ta duba gawar ta ce, "Wannan ba ɗinki take so ba, addu'a take so." Masu ba ni shawarar in nemi wata tsohuwa irinta, na gode. Kafin mutum ya san lokacin da lema take sassautawa sai ya ci bazara guda da ita, iskarmu kuwa Satumba take ɗaukewa.

Ba a bar ni ba lema ba. Washegari Radule ya zo da sabuwa fil, shuɗiya, har da kintinkiri. "Wannan ba ta saki ko kaɗan, mai shagon ya rantse mini," ya ce. "Ta dattawa ce irinmu. Saƙala ƙugiyarka ka huta." Na sumbace shi sau uku a kumatu kamar yadda aka saba. Ina ƙaunar mutumin nan, kuma ban taɓa jin haushin ɗan Adam kamar yadda nake jin nasa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan rumfar kofi, kafin iska ta taso, don na san ku, da ta taso ba mai tsayawa. Akwai dafaffiyar alkama da kofi da barasarmu rakija. Kada a kawo furanni, kada kuma kowa ya yi mini bayani a kan ƙulli. Za a kafa shuɗiyar a kan sanduna huɗu ta yi wa masu makoki inuwa. Radule ne zai ɗauki gawa ta gaba, shi ne kuma zai zauna a kujerar girma, don haƙƙinsa ne. Daga nan Desa za ta karɓi ƙyallen marigayiya ta rufe itacen girki da shi.

Sandar kaɗai ba za a taɓa ba. Na rataye ta a reshen ɓauren tsakar gidana. Duk mai zuwa gaisuwa da yamma zai same ni a ƙarƙashinta, ƙafafuna biyu a ƙasa, ina juyawa ina miƙa ta ta bayan baya. A can ban taɓa kuskurewa ba.