Yadda Tela Zai Cusa Sharar Shagonsa a Kwandon Tsohuwa

Kai tela, takardun gargaɗi biyu ke manne a ƙofar shagonka saboda zubar da shara a kwata, ta uku kuwa da kwaɗo take zuwa. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka ƙara taka juji ba.

1. San dokar da za ka karya
Motar da ke zuwa ran Talata ta sharar gidaje ce. Mai shago shi zai kai tasa da kansa can bayan kasuwa. Tafiyar minti goma ce, amma kai babban mutum ne mai keken ɗinki biyu. Ina kai ina ɗaukar buhu?

2. Zaɓi kwando
Kada ka kusanci na mahauci, yana da murya, yana da wuƙa. Nemi na tsohuwar gidan ƙarshe da kowa ke kira Gwaggo. Ita kaɗai take zaune, kwandonta ba ya cika, ga ciwon gwiwa ya hana ta saurin fitowa. Masana sun tabbatar kwandon da bai cika ba asara ce ga gari.

3. Yi wa sharar kwalliya
Ƙyallaye a ƙasa, ɓawon albasa da na ƙwai a sama. In ta leƙo, durƙusa har ƙasa.
"Ina kwana, Gwaggo? Murfin nake gyara miki saboda awaki."
"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."
Karɓi albarkar ka tafi, ba ta kai buhu nauyi ba.

4. Taya ta jaje
Masu mota za su tona, su ga ƙyalle, su ce wannan sharar sana'a ce, su wuce. Mako biyu kwandon na wari a ƙofarta. Dubagari zai manna mata takarda, ita da ba ta taɓa sayar da ko allura ba. A nan ka fi kowa ɗaga murya: "Mutanen yanzu ba su da imani."

5. Kada ka kalli igiyar shanya
Gwaggo ba za ta yi hayaniya ba. Zama za ta yi a kujera ta tsince ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta shanya ta gefen titi. Cikinsu har da hannayen rigunan da ka yanka a karkace, ka ɓoye, ka ce wa masu su yadi ne bai isa ba.
Matar mahauci za ta fara tsayawa.
"Gwaggo, wannan ai yadina ne. A ina kika samo?"
"A kwandona, 'yar nan. Kira sauran matan, kowacce ta zo ta duba nata."
Kafin rana ta take, mata tara na tsaye a ƙofar shagonka, kowacce da hannun riga a hannunta. Dubagari ba sai ya tambayi kowa ba.

Tsame hannu
In an garƙame maka shago, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni maƙwabcinka ne kawai na tsallaken titi, abin da na ga ka yi na rubuta. Shuɗin nan na ƙarshen igiya kuwa na matata ne, ni ka sa na koma kasuwa na ƙaro yadi.