Zinaren da Aka Wanke da Sabulu

"Ni ko a duhu aka ajiye zinare sai na gane shi," in ji Oga Na-Sani, mai kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje, mutumin da bakinsa ya riga shi samun digiri. Ranar nan kwamiti zai zo zaɓen shugaban ɗakin, shi kuwa har ya gwada zama a kujerar sau biyu.

To, ƙanwar matarsa, wadda kowa ke kira Dakta, wata shida ta yi tana jera ƙwayoyin zinare a kan wani ɗan gilashi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Zinare in ya ƙanƙance haka ba ya yin rawaya, ja yake nunawa idan haske ya ratsa shi. Aikin da za a nuna wa kwamiti ke nan.

Oga ya ɗaga gilashin, ya ga ja-ja, ya ja tsaki. Masu karatun nan da ƙazanta! Ya goga da yatsa, yatsa ya bar shaida. Ya sa hankici, abin ya dame. Ya kai famfo ya dirje da sabulu, gilashi ya fito fes. Sai a lokacin idon gwanin ya kai kan takardar da ke jikin akwatin: jeren zinare, kada a taɓa.

Amma ina, dabara ba ta ƙare masa. Akwai ɗan kunnen matarsa a aljihu, ta ba shi ya kai gyara. Ya samo magagari ya gurje rabinsa a kan gilashin, har yana yaba wa kansa cewa nasa ma ya fi ƙyalli.

Kwamiti ya iso, Dakta ta sa gilashin a na'ura. Maimakon jere, sai ga gingima-gingiman duwatsu a allo. Da aka tambayi wanda ya yi wannan ɓarna, Oga ya gyara tsayuwa ya ce gyara dai, shi ya inganta aikin da zinare tsantsa, daga ɗan kunnen da ya saya wa iyalinsa da hannunsa.

Dakta ta karanta sakamakon, ranta a ɓace, idonta ya ciko.

"Yaya, kujera dai ta wuce ka, wata shidana kuma ya bi ruwa. Amma na'ura ta ce wannan tagulla ce. Kai za ka gaya wa matar taka, ko ni?"